Ranar da Na Zama Bututu

Tun muna yara aka koya mana a coci cewa ramuwa ba aikin ɗan'adam ba ne, a bar wa Ubangiji. Na yarda da wannan koyarwa, ni kaina na sha maimaita ta ga yara a makarantar Lahadi. Abin da ba a yi mana bayaninsa ba shi ne yadda mutum zai yi idan dama ta tako da ƙafarta, ta yi sallama, ta zauna kusa da shi a kan tabarma.

Lokacin ina da shekara ashirin da bakwai, ina koyar da Turanci a wata firamare a cikin birni. Bahaushe ne ni, Kirista, ɗan wani ƙauye a kudancin Kano, irin mutumin da in ya faɗi addininsa sai an sake tambayarsa garinsu. Ɗakin hayata yana wajen ganuwa. Kullum da safe in shigo ta Ƙofar Ɗan Agundi a kan tsohon babur ɗina, in ratsa gari har Koki, da yamma in fice ta inda na shigo. Shekara shida ina haka. A duk faɗin birnin, in ka cire aji, wuri ɗaya ne nawa: wata tabarma a zauren wani tsoho mai ɗinkin hula.

Ɗansa abokin aikina ne, malaminmu na lissafi. Ran da na fara zuwa gaishe shi, na tarar yana dambe da allura. Ya lashi bakin zare, ya kai, ya kuskure, ya sake lasa, ya sake kuskurewa. Na ce, "Baba, kawo in gwada." Daga ranar na sami aiki. Kowace Alhamis in an tashi makaranta, sai in biya in zura masa zare a allurai kamar ashirin, launi-launi, in soke su a jikin wani ɗan matashi, su ishe shi mako. Ɗinkin kansa ba ya buƙatar ido sosai, yatsunsa sun haddace hanya. Kafar allura ce kawai ta gagare shi.

Ni ina zura zare, shi yana zuba labari. In an yi Sallah, kwanon nama na zuwa har makaranta da sunana. In Kirsimeti ta zo, ni ma in kai cincin ɗin da mahaifiyata ta aiko.

"Malamin boko," in ji shi, "yaushe za ka musulunta in huta?"

"Baba, in na musulunta wa zai riƙa kawo maka cincin?"

"Af, to dakata tukuna. Mu ga bayan Disamba."

Haka muke. Ban taɓa wuce zauren ba, bai kuma taɓa barina in zauna a ƙasa ba. Da ya ji ƙarar babur ɗina, shi da kansa yake jawo tabarmar ya shimfiɗa. Wanda bai zauna cikin birni yana baƙo ba, ba zai san nauyin wannan tabarma ba.

A kan tabarmar tunanin ya zo mini. Zumuntar matasan cocinmu tana fita hidima duk shekara: wata shekarar asibiti, wata gidan marayu, wata a yashe kwata. Na ce me zai hana bana mu auna wa tsofaffi ido, mu raba tabarau na karatu? Muna da ma'aikaciyar ido a cikinmu. Na fara da Baba. Ya ce zai duba. Wata uku yana dubawa. Sannan ya kai ni gun mai unguwa, mai unguwa ya tara dattawa, dattawa suka kafa sharuɗɗa: ba wa'azi, ba raba takardu, mata su duba mata a cikin gida, kada kuma a ɗauki hoton mace. Baba ya ɗora hannu a kafaɗata a gabansu ya ce, "Wannan nawa ne. In an ga ba daidai ba, a zo wurina."

Ana cikin haka aka yi mana sabon shugaba.

Mahaifinsa ɗan yankinmu ne, ƙauyensu da namu kasuwa ɗaya muke ci. Amma shi a Legas aka haife shi, a can ya tashi, aikin banki ne ya jefo shi Kano. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba. Yana da kwamfuta, yana da majigi, yana da takalmi mai ƙara, yana kuma da wata irin tafiya ta wanda yake jin Goron Dutse tsaransa ne. Matasa suka zaɓe shi da hannu bibbiyu. Zan yi masa adalci sau ɗaya, don kada a ce ban yi ba: ba ɓarawo ba ne, ba kuma malalaci ba ne. Cikin mako biyu ya samo tabarau kwali guda daga abokansa, abin da ni da na shekara ina rubuta wasiƙu ban samo ba. Shi ke nan, adalcin ya ƙare.

Ranar Lahadi ya hau gaban ikilisiya ya sanar cewa Ubangiji ya buɗe masa ƙofar birnin da aka ce ba ta buɗuwa. Ina zaune a benci na huɗu, ina jin yadda wata ukun da na yi ina durƙuso a zaure ya koma wahayin wani. Da aka manna takardar rabon aiki, na nemi sunana a sama, babu. Na same shi can ƙasa: jigilar benci da tafinta.

Na haɗiye. Malamin firamare ya saba haɗiya.

Muka je gaisuwar farko gun mai unguwa, ni da shi da sakatariyar zumunta. Zai faɗa zaure da takalmi, na ja masa ƙafar wando. Zai miƙa wa mai unguwa hannu yana tsaye, na sake ja. Da ya zauna, sai ya ce da Turanci mun zo taimakon matalautan wannan unguwa waɗanda ba su iya taimakon kansu. A gaban mai unguwa, da Baba, da limami, da wani Alhaji da shagunansa a kasuwa sun fi haƙoran bakina yawa.

Na gyara zama na ce, "Ranka ya daɗe, ya ce yana gaisuwa. Ya ce mu 'ya'yanku ne, ɗa kuma ba ya yi wa uba gwaninta. Mun zo neman izini ne mu ɗan yi wa iyayenmu hidima, ko ma sami albarka."

Dattawa suka ce madalla, yaron nan yana da tarbiyya.

Aikin tafinta ke nan, in ana son a sani. Magana kamar doya ce, ba a miƙa wa mutum ita da ƙasarta. Ana wankewa, a feraye, a dafa. Duk wanda ya taɓa tsayawa tsakanin baƙo da dattijo ya san haka.

Shi bai sani ba. Abin da ya lura da shi kawai shi ne maganarsa gajera ce, tawa doguwa. A hanya ya tambayi sakatariya me na ce, ita kuma, baiwar Allah, ta gaya masa tsakani da Allah, tana ma yabona. A taron zumunta na gaba, gaban mutum sama da talatin, ya sa na miƙe tsaye kamar ɗan aji uku. Ya yi magana da Turanci, Turancin da ni nake koyarwa, shi kuma yake fitarwa ta hanci.

"Ɗan'uwa, tafinta bututu ne. Abin da aka zuba ta nan, shi ke fita ta can. Ba ƙari, ba ragi. Ba na son bututu mai ra'ayi."

Aka fashe da dariya. Biyu daga cikin masu dariyar ni na koya musu haddar aya suna da majina a hanci. Kafin a rufe taro da addu'a na riga na sami suna. "Malam Bututu, a taimaka da bencin nan." "Malam Bututu, yau akwai ruwa?" Har a guruf ɗinmu na waya wani ya sa hoton bututun roba, aka yi ta aiko fuskokin dariya. Na ƙirga su. Har yanzu na san ko su wane ne.

A wannan taron ya karanto mana dokoki goma da ya rubuta. Ta shida ta ce kada kowa ya karɓi komai daga hannun mutanen unguwa, ko goro, ko ruwa, domin kada a ce mun sayar da alheri. Hannuna ya fara tashi da kansa, don shekara shida sun koya masa. Ya kai daidai kunne, sai na sosa kunnen na mayar da shi cinya. Ban shirya komai ba a lokacin. Na dai ga rami a kan hanyar mutum, na kuma tuna ba a ɗauke ni aikin nuna hanya ba.

Asabar uku muka yi a Koki, a ƙofar gidan mai unguwa, ƙarƙashin rumfa. Aikin kansa ya yi kyau, ba zan ɓata shi don haushin mutum ɗaya ba. Samarinmu suka yi ta ɗauko tsofaffi a hankali suna zaunarwa. 'Yan matanmu suka yafa gyale suka shige cikin gida, suka fito suna ba da labarin wata Hajiya da ta sa tabarau ta dubi jikarta ta ce ashe haka kike da muni. Shugaba ya zo da allon gwaji mai baƙaƙen boko, manya a sama, ƙanana a ƙasa. Tsoho na farko ya dube shi ya ce yana ganin komai sarai, sai dai bai san sunan kowa a cikinsu ba. Na raɗa wa ma'aikaciyar ido ta ajiye allon, ta ba su allura da zare. Wanda ya zura, tabarau ya yi daidai. Daga baya na ga wannan dabara a cikin rahoton shugaba, ƙarƙashin wani kan magana wai sababbin hanyoyin da na ɓullo da su.

Baba ya zura zare a gwaji na biyu. Ya ɗaga allurar sama, ya juya ta, ya ce, "Ashe kina nan, 'yar nema." Duk rumfar aka yi dariya. 

Akwai wata hula da ya yi wata biyu yana ɗinkawa, shuɗi mai duhu a kan fari, ɗinki ƙanana kamar ƙwayar gero. Duk zaren da ya shiga jikinta ni na zura shi. Na sha auna ta da ido, na kuma ga daidai kaina take. Ban tambaya ba, don ba a tambaya. Har na fara tunanin rigar da za ta dace da ita.

Alhamis ɗin da ta rage Asabar ɗaya, na tarar ya kusa gamawa, da sabon tabarau a karan hanci.

"Malamin boko, kan shugaban nan naku ya kai naka?"

Na ce, "Ya fi nawa, Baba. Nesa ba kusa ba."

"To bari in ɗan sake ta. Ka ga ita ce ta farko da na gama da sabon ido. Mutum ya kawo maka alheri har gida, ba ka barinsa ya fita hannu rabbana. Tukuici ne. Kai na gida ne, ba a yi wa na gida tukuici."

Na ce haka ne, Baba.

Ga abin da ya kamata in yi, kuma na san shi a lokacin kamar yadda na san sunana. Ko dai in ce wa Baba yaron yana da wata doka ta wauta, a ba ni hular in kai masa daga baya. Ko in sami shugaba in ce masa ranar Asabar za a miƙo maka abu, ka sa hannu biyu ka karɓa, ka ɗora a ka, ka yi godiya, domin a garin nan mayar wa dattijo kyauta daidai yake da ka ce ba ka son hulɗa da shi har abada. Kowanne bai fi numfashi biyu ba. Ina da Alhamis da yamma, ina da Juma'a sukutum, ina da safiyar Asabar, har ma mun zauna kujera ɗaya a mota ni da shi, gwiwarsa na gugar tawa.

Na yi ta kallon titi. A raina ina jera abin kamar darasi: gabatarwa, gundarin aiki, kammalawa. Ban taɓa shirya darasi da irin wannan nishaɗi ba. Tabarmar ta faɗo mini a rai sau ɗaya, wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Na ce ai ni ba abin da zan yi. Abin da aka umarce ni kawai zan yi.

Da aka gama aikin ranar ƙarshe, wajen la'asar, samari suna loda benci, aka ce dattawa na kiran shugaba a zauren mai unguwa. Mu biyu muka shiga. Mai unguwa ya yi godiya, limami ya yi addu'a, na juya masa duka da Turanci kalma bayan kalma. Sannan Baba ya jawo wani ƙunshi daga aljihun riga, ya warware takardar, ya miƙa wa mai unguwa, mai unguwa ya miƙo da hannu biyu. An wanke ta, an sa mata sitati, tana tsaye da kanta kamar ta san darajarta.

Baba ya ce, "Ka gaya masa ba biya ba ne, ba mu isa mu biya ba. Tukuici ne. Da idon da ya kawo mini na ƙarasa ta."

Na gaya masa. Ban rage ko wasali ba.

Shugaba ya yi murmushin nan nasa na banki. Ya ɗaga tafin hannu ya tare hular, kamar mai tsayar da mota. Ya yi maganarsa, ya juyo ya dube ni, ya ɗaga gira, wato a zuba.

Na ce, "Baba, ya ce ya gode. Ya ce amma su ba sa karɓar komai daga hannun waɗanda suke taimaka wa. Ya ce ka kai ta kasuwa ka sayar, ka sayi abinci, kun fi shi buƙata."

Na taɓa jin shiru a aji lokacin da sufeto ya shigo ba sanarwa. Wannan ya fi shi. Carbin limami ya tsaya. Hannun mai unguwa na nan a miƙe da hula, ya rasa inda zai kai ta.

Baba ya ce, "Haka ya ce?"

"Haka ya ce, Baba. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Bai dubi shugaba ba. Ni ya duba, ta cikin tabaran da na yi wata uku ina nema masa hanya, kuma a ranar na gane aikinmu ya yi kyau ƙwarai, don babu abin da bai gani ba. Sannan ya sa hannu biyu ya cire shi, ya naɗe ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye a kan tabarma gaban shugaba.

"Ka ce masa mu ma mun gode. Ba ma karɓa daga hannun da ba ya karɓa."

Limami ya cire nasa. Alhajin kasuwa ya cire nasa. Na juya wa shugaba maganar Baba da Turanci mai tsabta, irin wanda ake ba maki goma bisa goma. Ya ce me ya faru, me na gaya musu? Na ce abin da ka zuba.

Ba zan yi ƙarya ba, tun da na zo duniya ban sha ruwan da ya kai wannan sanyi ba.

Washegari Lahadi ce ta godiya. Shugaba ya riga ya shirya majigi, bai kuma ga dalilin fasawa ba, a ganinsa tsofaffi uku ne suka yi fushi, za su huce. Yana tsaye yana nuna hotuna, hoton Baba na kan bango yana ɗaga allura, sai ga mai gadi ya shigo da kwali a ka. Malamin lissafi ne ya kawo shi bakin ƙofa a kan babur, ya ajiye, ya juya. Aka buɗe. Tabarau ne, na maza da na mata, har da na Hajiyar nan mai jika, kowanne an goge shi an naɗe a takarda. Ko ɗaya bai ɓata ba. Mutanen birni in za su ci mutuncinka, da ladabi suke yi.

Bayan sujada dattawan ikilisiya suka kira mu ofishin fasto. Babbansu tsohon hedimasta ne, ɗan ƙauye irina. Shugaba ya yi bayani da ƙarfin gwiwa, har da karanto doka ta shida. Dattijon ya saurara, ya kama haɓa.

"Tsaya, ɗana. Hula aka ba ka?"

"E, Baba."

"Ta hannu? Wadda mutum ya zauna ya ɗinka?"

"E."

"Ka mayar?"

"Da ladabi na mayar, Baba."

"Ka ce ya sayar ya ci abinci." Ya juya ga fasto. "Kakan yaron nan na san shi. Da yana da rai, da yau ya sake mutuwa." Sannan ya juyo kaina. "Kai kuma kana ina?"

"Ina wurin, Baba."

"Bakinka ciwo yake?"

"A'a, Baba. An ce mini ni bututu ne. A gaban mutum talatin aka faɗa, ga sakatariya nan, tana da shi a rubuce."

Wannan jimla tun daren Alhamis nake goge ta, ta kuma fito tana ƙyalli. Fasto ya sunkuyar da kai. Sakatariya ta rufe baki da littafi. Dattijon ya daɗe yana kallona, ya ce, "Allah ya shirye ka," da irin muryar da ba ta sa ran za a amsa addu'ar nan kusa. Kafin wata ya ƙare shugaba ya ajiye muƙami, wai aiki ya yi masa yawa a banki. Babu wanda ya sake kirana Bututu. Hoton ma an goge shi daga guruf.

Dattawanmu suka ɗauki goro da kwalin tabarau suka tafi Koki ba da haƙuri. Ba su neme ni tafinta ba, ba sa buƙata. Aka karɓi haƙuri, kowa ya ɗauki tabaransa.

Ranar Alhamis na je kamar kullum. Na kashe babur a ƙofar gida, na yi sallama. Baba ya amsa. Tabarmar tana jingine a bango, a naɗe. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya aiki, ya gajiya, ya mutanen gida, ya labarin mahaifiya, irin wadda ake yi wa mutumin da aka haɗu da shi a tasha. Ina durƙushe a kan dandaɓe ina amsawa. Kusa da shi ga ɗan matashin nan, allurai ashirin a soke, kowace da zarenta.

Na ce, "Baba, na zo ne a kan abin da ya faru. Yaron nan bai san..."

"Na san bai sani ba. Baƙo ko da ido makaho ne. Shi ya zo nan shekaranjiya, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa inda kake ɗin nan, ya yi ta haɗa Hausa kamar mai haɗa karyayyen kwano. Ban gane rabi ba, amma na gane. Na ba shi hularsa."

Ya ɗauki allura, ya duba bakinta.

"Kai kuwa, malam, shekara shida kana cin tuwon gidan nan. Ran da kuka fara zuwa, na ga fuskar yaron, na ji abin da ka faɗa, na san ba su fito daga tukunya ɗaya ba. Na ce madalla, muna da mai tace mana ruwa. Ran Asabar ka ga dama ka ƙi tacewa. Kuna da rigimarku, ba ruwana. Amma da ka rasa dutsen jifa, sai ka ɗauki hulata? A gaban mutanen da na ce musu kai nawa ne?"

"Malam" kawai ya kira ni. Bai ce malamin boko ba.

Ina da amsoshi, ni da nake da amsar komai. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, babu mai shiga kafar allura. Na ce a yi haƙuri. Ya ce ba komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya, a gaida gida. Ya sunkuya kan ɗinkinsa.

Na koma Alhamis biyu bayan wannan. Gaisuwar ba ta ragu ba, tabarmar ba ta sauko ba. Da Babbar Sallah ta zo, kwano bai zo makaranta ba. Malamin lissafi ya ci gaba da gaishe ni kamar yadda ake gaida sufeto. Shekara na zagayowa na nemi canjin makaranta zuwa wajen gari, aka ba ni ba tare da an tambayi dalili ba.

Mai hankali zai ce wannan ya ishe ni darasi. Na auna abin ta kowace fuska, da dare da rana, na kuma yarda laifin Asabar nawa ne. Amma wa ya sa ni tsaye gaban mutum talatin? Wa ya ɗauki wata ukuna ya kai gaban ikilisiya da sunansa? Tabarmar nan ma a wuyansa na rataya ta, tare da sauran. Ya rasa kujerar da ba a biyan ko sisi a kanta, ya tafi da hular da na zura wa kowane zare. Ni na tashi da jimla ɗaya mai ƙyalli.

Yanzu ya koma Legas, an ce ya zama babba. Muna nan tare a tsohon guruf ɗin zumunta. Duk wani biki, ko ɗaurin aure, ko taron 'yan arewa mazauna can, sai ya sa hular ya ɗauki hoto ya aiko mana, da ɗan rubutu a ƙasa kan yadda ya koyi tawali'u a birnin Kano.

Kowace hula tana da gaba da baya. Akwai layin da aka haɗe bakin ƙyallen, wannan a ƙeya yake zama, yaron goye ma ya sani. Shi a tsakiyar goshi yake ajiye shi, daidai saman hanci, shekara da shekaru. Sauran 'yan guruf kunya ta hana su faɗa. Ni ba kunya ba ce. Duk hoton da ya aiko, ni ne na farkon yabawa. Ina rubuta masa da Turanci mai tsabta cewa hular ta zauna daidai, kada ya taɓa canja yadda yake sa ta.